Himma da Hutu a Rayuwar Ɗan Kasuwa Kirista

Dawaki ɗaya ce daga cikin gundumomi 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, birnin Gombe ya cika ya batse da ma'aikata da masu sana'a, har unguwannin cikin gari irin Dawaki suka zama wuraren da ɗinki da sayar da kayan masarufi da harkar POS ba sa tsayawa daga safiya zuwa dare. Daga cikin masu irin waɗannan sana'o'i a birnin akwai Kiristoci, da yawansu 'yan asalin kudancin jihar, ƙasar Tangale da Waja da Tula, inda masu wa'azin mishan na SIM suka sauka a Kaltungo a 1917, aikin da ya haifar da ikilisiyar ECWA a 1954. Kiristan da ya buɗe shago a irin wannan unguwa yana fuskantar tambayar da takwaransa na kudancin jihar bai cika jin nauyinta ba, domin mafi yawan abokan cinikinsa Musulmi ne, waɗanda suke rufe shago don sallar Juma'a sannan su koma bakin nema, Lahadi kuwa a wurinsu ranar ciniki ce kamar kowace rana. Idan ya rufe, ciniki zai koma shagon maƙwabci, idan kuma ya buɗe, zuciyarsa ba za ta bar shi ya sake ba.

Addinin Kirista bai ɗauki aiki a matsayin la'ana ba, domin Littafin Farawa ya nuna cewa an ba mutum aikin noma gonar Adnin da kula da ita tun kafin ya yi zunubi, abin da zunubi ya ƙara shi ne wahala da gumi. Manzo Bulus ya ci abinci da sana'ar ɗinkin tanti a Korinti tare da Akila da Biriskilla, Lidiya kuma, wadda ta karɓi bishara a Filibi, mai sayar da tufafin shunayya ce masu tsada. A kan wannan ne Martin Luther da sauran masu gyaran ikilisiya a ƙarni na 16 suka gina koyarwar kira, wato fahimtar cewa Allah yana sanya mutum a sana'arsa domin ya yi wa maƙwabcinsa hidima, ta yadda tela mai gaskiya bai gaza fasto daraja a gaban Allah ba. Sai dai masanin zamantakewa ɗan Jamus, Max Weber, ya nuna a rubutunsa na 1904 zuwa 1905 yadda wannan koyarwa ta juye a hannun wasu, har riba ta zama shaidar yardar Allah. Wannan juyi yana nan da ransa a wa'azin wadata na yau, kuma illarsa ga himma babba ce, domin wanda ya auna matsayinsa a wurin Allah da cinikin rana, duk ranar da kasuwa ta mutu bangaskiyarsa ma sai ta yi sanyi, hutu kuwa sai ya zame masa laifi.

Asabaci, wato ranar hutu ta bakwai da aka umarci Isra'ilawa su kiyaye, an ba da dalilinsa sau biyu, kuma dalilan sun bambanta. Fitowa sura 20 ta jingina shi da halitta, cewa Mahalicci da kansa ya dakata a rana ta bakwai, Kubawar Shari'a sura 5 kuwa ta jingina shi da bautar Masar, domin bara da baranya su huta kamar yadda ubangidansu yake hutawa. Dalili na farko yana koya wa ɗan kasuwa iyakarsa, kuma labarin manna a Fitowa sura 16 ya fayyace shi: abincin da aka tara fiye da buƙatar yini ya ruɓe, amma rabon kwana biyu da aka tara a rana ta shida bai lalace ba, waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai kuwa sun dawo hannu rabbana. Saboda haka kuskure ne a fassara hutun Kirista da cewa dabara ce ta tara ƙarfi domin cinikin Litinin ya fi yawa, ko da yake hakan yakan faru. Rufe shago furci ne na bangaskiya wanda ake yi da kwaɗo da makulli, cewa arziki ba daga hannun mai nema kaɗai yake fitowa ba.

Annabi Amos, a sura 8, ya yi magana kan 'yan kasuwar hatsi da suke kiyaye Asabaci a zahiri, alhali suna ƙagara ya wuce su buɗe buhu, su rage mudu, su tsawwala farashi, kuma duk wanda ya san yadda ake awo a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ba ya buƙatar sharhi kafin ya gane zancen. Abin lura shi ne annabin ya haɗa ƙin hutu da algus wuri guda, kamar yana cewa tushensu ɗaya ne, wato haɗama. Nehemiya ya rufe ƙofofin Urushalima don hana fatake shiga ranar hutu, amma ɗan kasuwar yau kasuwarsa tana cikin aljihunsa, yana zaune a sujada yana duba saƙon shigar kuɗi yana amsa ciniki ta WhatsApp, ƙofar shago a kulle amma zuciya na kan lissafi.

Dalili na biyu na Asabaci, wato hutun bara da baranya, shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ma'aunin gaskiya. Ba wuya a ga maigida ya tafi majami'a da iyalinsa cikin kwalliya, ya bar yaron shago yana tsare da kanta, ko ya sa yaran da suke koyon ɗinki su kwana a kan keke a makon Kirsimeti, sannan ya ba da zakka da baiko daga ribar yana ganin ya sauke nauyi. Irin wannan maigida bai huta ba, ya dai ɗora gajiyarsa a kan wanda ba shi da bakin ƙi, kuma ba ya zama uzuri cewa yaron Musulmi ne da Lahadi ba ta shafe shi ba, tun da umarnin ya ambaci har baƙon da yake zaune a cikin gari. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tanadi hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai ga ma'aikaci, ko da yake ba safai take kaiwa shagunan unguwa ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin sufuri da na kaya suka tashi, kuma ga mai sayar da abinci ko tumatir, wadda jarinta na adashi ne kuma hajarta ba ta kwana, rana guda ba ciniki tana iya zama rana guda ba tuwo. Tarihin ikilisiya bai rufe ido ga wannan ba, domin dokar Sarki Konstantin ta shekarar 321, wadda ta mai da Lahadi ranar hutu a biranen daular Rum, ta ƙyale manoma su yi aiki saboda lokacin shuka ba ya jira, Yesu kuma a Markus sura 2 ya koyar cewa an kafa ranar hutu ne don amfanin mutum. Saboda haka lalura tana da hukuncinta, mai ita yana iya ware rabin yini ko wata rana dabam, sai dai ya kamata ya riƙa binciken kansa, domin haɗama ta iya shigar burtu da rigar lalura, kuma mai shago uku yakan kawo hujjar da ta dace da mai tire ɗaya.

Ita ikilisiya ma tana da nata kason. Lahadin da ta fara da sujadar safe, ta bi da taron Zumuntar Mata ko na maza, da koyon waƙa, da zaman kwamitin gini, da gidauniyar da ake sa ran ɗan kasuwa ya buɗe da kuɗi mai tsoka, takan mai da mutum gida a gajiye fiye da ranar kasuwa. Da annabi Iliya ya karaya har ya roƙi mutuwa, kamar yadda 1 Sarakuna sura 19 ta nuna, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a yi masa maganar sabon aiki, kuma a Markus sura 6 Yesu ya janye almajiransa gefe domin jama'a sun hana su ko cin abinci. Dattawan ikilisiya da suke tsara jadawalin mako suna da ikon rage tarukan yammacin Lahadi, da kuma daina ɗora kowane kwamiti a kan mutum biyu ko uku don kawai su ne masu shago.