Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ga ya kamata in ajiye ta a gabanku mu duba tare. Mutumin da ya tafi ƙasa mai nisa ya zauna, ya zaga ya ga abubuwan mamaki, sa'an nan ya komo ya ba mutanensa labarin daɗin da ya gani, ya rufe wuyar da ya sha, shin ya yi ƙarya ko bai yi ba? Kada ku yi gaggawar amsawa sai kun ji abin da ya jawo maganar.

Ina da wani aboki da muka yi kwalejin horon malamai tare. Ni na tsaya nan Dutse ina fama da alli, shi kuwa rabo ya kai shi ƙasar Jamus neman ƙarin ilmi, har ya yi shekara 3 a can. In an ba da hutu ya kan fita yawon buɗe ido, gama ƙasashen Turai da yawa suna da wata yarjejeniya da ta fara aiki a 1995, wanda ya sami izinin shiga ɗaya daga cikinsu ya kan wuce sauran ba mai tare shi a kan iyaka. Da ya zo ganin gida na roƙe shi ya yi wa ajina magana, ya yarda.

Ya zo da hotuna tuli. Ga shi tsaye gindin hasumiyar ƙarfen nan ta birnin Faris, wadda aka gama a 1889, tsawonta ya wuce mita 300. Ga shi a birnin Rum, gaban wani makeken dandali na dutse da aka buɗe wajen shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa. Ga shi kuma kan duwatsun Suwizalan, ƙanƙara ta rufe su fari fat kamar an baza auduga. Yara suka saki baki. Da aka tashi, wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kowa lissafi a ajin, ya biyo ni ya ce, "Malam, ashe dai mu nan ba a duniya mu ke ba. Ni in na gama makaranta tafiya zan yi, ko da ta hamada ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da dare muna zaune a dakalin ƙofar gidanmu na gaya wa abokina abin da yaron ya faɗa. Ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Malam, bari in gaya maka gaskiya tsakanina da kai. Hoton Faris ɗin nan da ka gani, a motar dare na kwana zaune, na wuni ina yawo da gurasa a aljihu, na sake kwana a mota na komo, don ba ni da kuɗin masauki. Ɗakin da na ke ciki bai kai zaurenku ba. Lokacin hunturu ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, na kan fita cikin duhu in komo cikin duhu. Ina wanke kwanuka a wani gidan abinci don in cika kuɗin haya. Na taɓa kwanciya zazzaɓi kwana 5, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce sannu." Na ce masa, "To, me ya hana ka gaya wa yaran haka?" Ya ce, "Haba Malam, wa zai tona wa kansa asiri? Kuma ai ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba."

To, nan gizo ke saƙar. Lalle bai faɗi ƙarya ba. Hasumiya tana nan, ƙanƙara tana nan, shi ne kuma a cikin hotunan. Ban da wannan ma yana da hujjoji da mai hankali ba zai yar ba. Yana da tsohuwa a gida, wadda in ta ji yana kwana da zazzaɓi shi kaɗai ba za ta ƙara barci ba. Rufin asiri kuma abu ne da iyayenmu suka hore mu da shi, ba a son namiji mai yawan kuka da halinsa. Sa'an nan wanda aka sauke shi, aka koya masa ilmi, bai kyautu ya komo yana kushe masu masaukinsa ba. Har ila yau wani zai ce, ai labarin daɗin nan shi ke sa yaro ya dage da karatu, in ka gaya masa wuya ka kashe masa gwiwa.

Na auna hujjojin nan duka, na ga suna da nauyi, amma ba su rinjaya ba. Dalili kuwa shi ne, ba a auna gaskiyar magana da kalmomin da suka fito daga baki kaɗai, a kan auna ta da abin da ta bari a zuciyar mai ji. In dillali a kasuwar Shuwarin ya nuna maka saniya ta gefen da ba ta da ciwo, ya yabi ƙahonta da fatarta, ya yi shiru game da gyambon da ke ɗaya gefen, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ka koma gida da cuta. Ba wanda zai kira shi mai gaskiya. Haka matafiyi ya ke. Waɗanda suka zauna gida ba su da wani ido a can sai nasa, saboda haka abin da ya gani amana ce a hannunsa. Ya iya sassauta wa tsohuwarsa, don ita ba tafiya za ta yi ba. Amma yaron da zai gina rayuwarsa bisa labarin, shi yana da hakkin ya ji gefe biyu.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Mai zuwa Kano ya kan hangi dutsen Dala tun daga nesa, amma bai san unguwa ko ɗaya ba tukuna, bai san inda a ke kwana da yunwa ba, bai san inda a ke kwana da ƙoshi ba. Yawon buɗe ido hange ne. Kowace ƙasa tana da wuraren da ta share ta gyara don baƙi, kamar yadda mai gida ya kan gyara zaure ya bar shirgi a cikin gida. Wanda ya wuni ɗaya a Faris ya ga zauren Faransa, bai ga Faransa ba. Ko abin da ya gani ma, in bai yi tambaya ba, rabi ya gani. Dandalin nan na Rum da yara suka yi ta sha'awa, wuri ne da a ke haɗa mutane faɗa da juna da namun daji har mutuwa, dubban jama'a suna kallo suna sowa. Wanda ya tsaya ya ɗauki hoto bai san haka ba, ya yi wa rogo kallon kitse.

Da na matsa wa abokina da tambaya, sai na tarar duk abin kirkin da ya koyo a Turai ba a wuraren kallo ya same shi ba, a zaman yau da gobe ya same shi, watau cikin sashen nan da ya ke jin kunyar faɗa. A nan ya ga yadda malamin jami'a ya kan bi layi bayan ɗalibinsa. A nan ya ga ɗakin karatu na gari wanda ɗan talaka ya kan shiga ya ari littafi ya kai gida. A gidan abincin da ya ke wanke kwanuka ya ga ba a raina mutum don sana'arsa. A nan kuma ya ga tsofaffi zaune su kaɗai, 'ya'yansu suna wani gari, ya gane gaisuwar safe da mu ke yi wa maƙwabta dukiya ce da ba mu san muna da ita ba. Ashe da ya ɓoye wuyarsa, har ilminsa ya haɗa ya ɓoye.

Ba yau Bahaushe ya fara zuwa Turai ba, kuma magabata sun bar mana misali. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami, daga baya ya sami 'yanci ya yi wa Baturen nan matafiyi Barth hidima, wanda a ke kira Abdulkarim. A 1855 ya ƙetare hamada tare da shi, ya shiga jirgin ruwa, ya isa Landan. A can ya ba wani malami mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya sa har yau masana su ke karanta labarin nan shi ne, yaron bai zaɓi abin alfahari kaɗai ba. Ya faɗi yadda aka raba shi da iyayensa, ya faɗi wuyar hanya, ya kuma faɗi ƙananan abubuwa irin yadda Turawa su ke zama cin abinci. Daga baya ya komo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Akwai kuma Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. An zaga da su an nuna musu abin da a ke so su gani. Amma shi bai tsaya ga kallo ba. Ya sadu da Lugga, tsohon gwamnan ƙasar nan, ya gaya masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa, ya komo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ku lura da sunan littafin, wanda karin magana ne tun na kakanni. Mabuɗi aka ce, mabuɗi kuwa sai an sa shi a ƙofa an murɗa. Wanda ya rataya shi a wuya don ado, yana nan waje tare da wanda ba shi da shi.

Kada ku ɗauka maganar nan ta hira ce kawai, akwai rai a cikinta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga wajen Kance a ƙasar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Babu shakka talauci ne ya tashe su daga gida. Amma kowane ayari irin wannan labarin waɗanda suka komo da kaya ya ke bi, gama wanda hamada ta ci ba ya komowa ya ba da nasa. In masu komowa ma suka rage rabi, me ya saura ga mai shawarar tafiya? Kuma gwamnatin Jigawa ta sha tura 'ya'yanta karatun likita ƙasashen waje, irin su Sin da Sudan, saboda haka cikinku akwai waɗanda amanar nan za ta hau kansu nan gaba.

Ba cewa na ke yi kada ku tafi ba. Wanda ya sami hanya ta halal ya tafi, gani ya kori ji. Sai dai ku fara koya wa idonku aiki tun daga gida, gama idon da bai iya gani a Dutse ba, ba zai iya a Faris ba. Mutum nawa cikinku ya hau Garu ya tambayi dattawa dalilin da ya sa mutanen dā suka kafa gari a tsakanin duwatsu? Mutum nawa ya tsaya wurin masu dabino ya ga yadda su ke ɗaukar furen namiji su kai wa ta mace don ta yi 'ya'ya? Ga Birnin Kudu nan kusa, a jikin duwatsunta akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi, masana sun zo daga Turai don su gani, amma a ajina da na tambaya, hannu 2 kaɗai aka ɗaga. Wanda bai san gidansa ba, ba shi da ma'aunin da zai auna gidan wani. Shi ne za ka ga ya komo ko dai yana raina kome namu, ko yana zagin kome nasu, duka biyu kuwa makanta ce.

Kafin abokina ya koma, ya sake zuwa ajin da kansa, ba tare da hotuna ba. Ya ba su labarin motar dare da kwanuka da zazzaɓi, ya kuma ba su labarin layi da ɗakin karatu. Na ga fuskarsa ta yi nauyi da farko, amma yara ba su raina shi ba, tambayoyin da suka yi masa ran nan sun fi na farko yawa da ma'ana. Yaron nan mai lissafi ya ce, "Malam, har yanzu ina so in je, amma ta hanyar da ka bi, kuma in komo." Ban sani ba ko zai cika maganarsa, wannan yana ga Allah. Abin da na sani shi ne, yanzu in ya yanke shawara, da idonsa biyu zai yanke.

To, ga amsata ga tambayar da na fara da ita. Wanda ya faɗi daɗi ya ɓoye wuya ga mai niyyar bin sawunsa, bakinsa bai yi ƙarya ba, amma ya ci amana. In wata rana kun tafi kun komo, ƙannenku suka kewaye ku suna jiran labari, ku ba su shi cikakke. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.