Baƙon Malami Ya Kwanta Ciwo: Ya Zauna Ko Ya Koma Gida?

Akwai wata tambaya da takan raba kan dattawan ekklesiya, ba kuwa don rashin bangaskiya ba. Ga ta. Mutum ya bar ƙasarsa da danginsa bisa ga yardar ransa, ya zo koyar da yara a wani ƙauye na ƙasar Birnin Gwari, ba domin albashi ba. Bayan wata uku ko huɗu ciwo ya kama shi, ya warke, ya sāke kama shi. To, ya zauna sai abin da Allah ya yi, ko kuwa ya ɗaure kayansa ya koma? Waɗansu sukan ce komawa gudu ne. Waɗansu kuma sukan ce zaman wauta ne. Irin wannan aiki akan ce da shi aikin sa kai, ko da yake a wajenmu in ka ce “ɗan sa kai” mutane za su fara tunanin mai tsaron gari da bindiga. Mu dai mai alli da allo muke nufi.

Bari mu fara duban zamansa, gama mai yanke hukunci daga birni sau da yawa bai san abin da yake hukuntawa ba. Da asuba baƙon malami yakan ɗebo ruwa a rijiya, ko a kawo masa daga rafi, ruwan da cikin 'yan gari ya saba da shi, nasa cikin kuwa bai saba ba. Abincinsa tuwon dawa ne ko na masara da miyar kuka, yau da gobe. Ajinsa wata rana ɗaki ne mai yoyo, wata rana gindin itace. Yaran da ke gabansa, wani Hausa yake ji, wani Gwaranci, wani Fulatanci, littafin da ke hannunsa kuwa da Turanci aka buga shi. Da damina rabin aji yana gona, don ba uban da zai bar ciyawa ta cinye masara saboda haruffa. Da dare ya kunna fitila ya duba aikin yara, sauro kuwa yana nasa aikin. Wahalar da ta fi duka ita ce kaɗaici: ba wanda ya san shi tun yana yaro, ba wanda zai dubi fuskarsa ya gane yau ba shi da lafiya.

Me ya sa zazzaɓi ya fi kayar da baƙo? Dalilin sananne ne. Wanda ya girma inda sauro yake, jikinsa ya sha yaƙi da ciwon tun yana goye, har ya sami ɗan ƙarfin jurewa. Wanda ya fito daga ƙasar da ba ciwon, jikinsa kamar garin da ba ganuwa yake. Zazzaɓin da zai kwantar da manomi kwana uku yana iya kashe baƙo cikin mako guda. Saboda haka in muka gan shi kwance, kada mu ce raki ne.

Tambayar nan ba sabuwa ba ce, da ita aka kafa harsashin yawancin ekklesiyoyinmu. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko, ba wanda ya kai shekara talatin: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Nufinsu su kai Bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan, wato har da ƙasar Hausa. Ba wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Zazzaɓi ya kayar da Bingham tun a Ikko, ya tsaya can. Gowans da Kent suka yiwo arewa, a zamanin da Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, yake kai hari ƙasar Gwari yana kama bayi. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada a 1895. Ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke kama shi a Ikko, aka mai da shi gida. Sai a 1902 waɗanda aka aiko a karo na uku suka kafa tasha a Patigi, a bakin Kwara.

To, a cikin ukun nan wane ne mai aminci? Mun saba jin sunan Gowans da Kent a wa'azi, daidai ne kuwa, gama sun ba da abin da ba mai iya ba da fiye da shi. Amma mu lura, mutumin da ya koma gida har sau biyu, wanda mai saurin baki zai ce ya kāsa, shi ne ya riƙe aikin mishan ɗin har rasuwarsa a 1942, daga aikin nan kuma ekklesiyar ECWA ta fito a 1954. Da Bingham ya ji kunyar komawa ya kutsa daji da zazzaɓi a jikinsa, da kabari uku za mu ƙirga. Ba mu ce mutuwar biyun banza ce ba, labarinsu ya ta da waɗansu da yawa. Abin da muke cewa shi ne, kabari ba shi kaɗai ne shaidar aminci ba.

Akwai wani abu kuma. Gowans da Kent ba su san sauro ne ke kawo ciwon ba, don sai a 1897 likita Ronald Ross ya gano haka a Indiya. An dai san amfanin kwinin tun 1854, sa'ad da Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi, mutanensa suna shan kwinin, ya komo bai rasa ko ɗaya ba. Mu kuwa muna da gidan sauro, da gwajin jini na 'yan mintoci, da magani mai aiki. Mun san tafasa ruwa yana tsare ciki daga atuni. Kurkunu ma, wanda ya gurgunta kakanninmu kowace damina, an tabbatar ya ƙare a Nijeriya a 2013, babban makaminsa kuwa tace ruwa ne. Abin da ya zama ƙarfin hali ga wanda bai sani ba, ga wanda ya sani ganganci ne. Malamin da ya ƙi kwana cikin gidan sauro yana cewa Ubangiji zai tsare shi, a ganinmu gwada Allah yake yi, yana kuma wasa da karatun yara arba'in da suka dogara ga lafiyarsa. Mu tuna da Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Ya zo a 1902, ya yi aiki har 1948, yana cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga a 1932. Shekara 46 na aiki ba su fi mutuwar wata goma sha ɗaya ƙanƙanta a gaban Allah ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. Ekklesiyar Filibi ta aiki Abafroditus ya yi wa Bulus hidima a kurkuku, ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa. Bulus bai riƙe shi ba, ya mai da shi gida, ya kuma umarci masu bi su karɓe shi da murna, su girmama shi. Ku duba Filibiyawa sura 2. Me ya sa sai da ya rubuta haka? Muna tsammani ya san halin mutane, ya san za a sami masu raɗa cewa an aike shi ya gudo. Trofimus kuma Bulus ya bar shi a Militus ba lafiya, ya ci gaba da tafiya. Manzon da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa bai mai da ciwon abokan aikinsa abin kunya ba.

Amma kada mu tsaya nan, domin masu cewa komawa gudu ne suna da tasu gaskiya, mai nauyi ce kuwa. Baƙo yana da ƙofar fita, ɗan gari ba shi da ita. Zazzaɓin da ya sa aka ɗauki malami a mota zuwa Kaduna, shi ne a daren nan yake jijjiga ƙanen ɗalibinsa a kan tabarma, ba mota, ba kuɗi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu mutuwa da wannan ciwo, yawancinsu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Yara suna gani. Suna ganin wanda ciwonsa ke ta da gari, da wanda nasa ba ya ta da kowa. Tun zuwan samarin Peace Corps daga Amurka a 1961, har zuwa masu yi wa ƙasa hidima da gwamnatin Gowon ta kafa a 1973, ƙauyukanmu sun sha ganin malamai masu zuwa su wuce. Da yawa sun yi aikin kirki. Amma baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali, malaminsa ya tafi a tsakiyar zango, kafin wani ya zo ya manta. Wanda ya zo domin ya ga ƙasa ya sami labarin da zai bayar a gida, zazzaɓin fari ya ishe shi hujja. Irin wannan ba Abafroditus ba ne, kada ya fake da sunansa.

Ta yaya za a bambanta su? Ba ta yawan kwanakin zama ba. A duba abin da ya bari. Tun ran da ya iso, ya zaɓi saurayi ko budurwa a gari wanda ya iya karatu, yana koya masa riƙon aji? Ya rubuta inda kowane yaro ya kai? Ilimin gidan sauro da tafasa ruwa ya tsaya a ɗakinsa, ko ya shiga gidajen iyayen yara? Sa'ad da zai tafi, ya faɗa wa yaran gaskiya, ko ya ce gobe zai dawo alhali ya san ba haka ba? Wanda ya yi waɗannan, in likita ya ce ya tafi, ya tafi da hankali kwance.

A ƙasar Birnin Gwari tambayar ta ƙara kaifi, gama shekaru da yawa ba sauro kaɗai ke fitowa daga dajin ba. A watan Maris na 2024 aka kwashe yaran makaranta a Kuriga, kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka dawo da 137 bayan fiye da mako biyu. A ƙarshen shekarar gwamnatin jiha ta yi sulhu da waɗansu masu ɗauke da makamai, aka buɗe kasuwar shanu. Kwamitin ekklesiya da zai zauna a inuwa ya aiki ɗan wani zuwa irin wannan wuri, wajibi ne ya faɗa masa dukan abin da ke can, ya tanadi kuɗin asibiti da na mota tun kafin tashi. Ba daidai ba ne a yi sadaka da ran wani.

Mu masu karɓan baƙo kuma muna da namu rabo. Sau da yawa tambayar zama ko komawa ba za ta taso ba da an ba malamin ɗaki mai rufi da taga mai waya, da wata uwa a gari ta ɗauke shi kamar ɗanta, ta lura ran da bai fito ba, ta aika da kunu, ta sa a kai shi gwaji a rana ta fari maimakon ta huɗu. Mukan yi waƙa ran zuwansa, mu yi addu'a ran tafiyarsa, watannin da ke tsakani kuwa mu bar shi da fitilarsa. In dattawan wata ekklesiya suna shirin roƙon malami bana, su fara zuwa su duba ɗakin da za su sa shi, su kwana a ciki dare ɗaya da damina.