Kayan Wa Za Ka Ɗauka?

Karatu: Galatiyawa 6:1-5, Luka 24:13-35

Yau ina so mu yi tunani a kan wata tambaya da takan taso a kowane gidan da ake jinya. Idan kana ƙaunar mutum, ka kuma ga yana shan wuya wajen yin wani abu, wanne ne daidai: ka karɓe ka yi masa, ko ka bar shi ya yi da kansa?

Ka ɗauka mahaifinka ne. Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana karkarwa in ya ajiye shi a kan cinya. Yanzu tafiyarsa ta canza. Ya ranƙwafa, takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa. In ya iso bakin ƙofa sai ya tsaya cik, kamar an liƙe ƙafafunsa a ƙasa. Ran nan ya faɗi a hanyar makewayi, tun daga ranar aka yanke shawara a gida cewa Baba ya zauna. A kawo masa ruwa, a kawo masa abinci, ran Lahadi ma dattawa su zo su yi masa addu'a a ɗaki. Kowa ya yarda cewa ladabi ke nan.

Wannan ciwo yana da suna. A shekarar 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya rubuta bayanin mutum shida da ya lura da su, waɗansunsu ma a kan titi ya gan su, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fiye da mutum miliyan 8 da rabi suna ɗauke da shi. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Waɗansu ƙwayoyi ne a cikin ƙwaƙwalwa, masu yin wani sinadari da ake kira dofamin, suke mutuwa a hankali. Wannan sinadari ne yake sa motsin da jiki ya saba ya riƙa tafiya ba tare da ka yi tunani ba. Akwai magani, lebodofa, wanda yake sauƙaƙa alamun ƙwarai, amma har yau ba a sami wanda yake warkar da ciwon ba. In wani ya fara neman zunubin da ya jawo wa Baba wannan, ka tuna masa da Yohanna sura 9, inda Ubangiji ya ƙi ɗora makantar wani a kan laifinsa ko na iyayensa.

To, ga inda wuyar take. Zaman da muka ba Baba don kada ya faɗi, shi ne yake ƙara kusantar da shi ga faɗuwa. Ƙafar da ba ta taku tana rauni, gaɓoɓi suna sandarewa, tsoro yana ƙaruwa. Bayan watanni kaɗan, wanda dā yake zuwa ƙofar gida ba ya iya tashi daga kujera. Mun yi da kyakkyawar zuciya, amma mun ƙwace masa ragowar ƙarfin da Allah ya bar masa.

Manzo Bulus ya faɗi abubuwa biyu a Galatiyawa 6 da suke kamar suna karo da juna. A aya ta 2 ya umarce mu mu taya juna ɗaukar nauyi. A aya ta 5 kuwa ya nuna cewa kowa yana da kayan da shi zai ɗauka. A Helenanci kalmomi biyu ne daban ya yi amfani da su. Akwai nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma rabon da yake na mutum shi kaɗai. Hikimar ƙauna ita ce ta san wanne ne wanne. Kuɗin magani, kai shi asibiti, gyaran hanyar da yake bi, zaman hira da shi, waɗannan naka ne. Takun kuwa nasa ne, ba mai iya yi masa.

Masu koyar da motsa jiki a asibiti, waɗanda ake kira likitocin fisiyo, sun daɗe da gane wani abin mamaki. Ko da yake motsin da ke zuwa da kansa ya lalace, hanyar da take bi ta ido da kunne da mai da hankali tana nan da sauran aiki. Mutumin da ya kafe a bakin ƙofa, in aka ja masa layi a ƙasa da alli ko gawayi aka ce ya tsallake, sau da yawa sai ƙafar ta ɗagu. Haka in ana ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ana tafa masa a hankali, ko ana rera waƙar sujada mai daidaitaccen kiɗa. Suna koya masa ya yi manyan taku da gangan, ya fara sa diddige, ya wurga hannuwa. In zai juya, ya zagaya kamar mai kewaya turmi, kada ya murɗa jiki a wuri ɗaya. In ya kafe, ya tsaya, ya miƙe, ya karkata nauyinsa dama da hagu, sa'an nan ya ɗaga ƙafa ɗaya. A 2012 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da masu wannan ciwo 195. Waɗanda suka yi tai ci, wato wani motsa jiki na Sinawa mai tafiyar hawainiya, sau biyu a mako har mako 24, sun fi iya tsayuwa daram, sun kuma fi waɗanda suka yi miƙe gaɓoɓi kawai ƙarancin faɗuwa.

Ka lura, a cikin dukan wannan akwai wurin mai taimako, amma wurinsa a gefe yake. Kada ka ja hannun wanda ya kafe, domin jan yakan kayar da shi. Kada ka cika shi da surutu yana tafiya, hankalinsa duka yana kan ƙafafunsa. Ka naɗe tabarmar da za ta harɗe shi, ka kawar da kwanuka daga hanya, ka sa fitila a hanyar makewayi da dare. In zai tashi daga gado, ya fara zama a bakin gadon na ɗan lokaci, gama jiri yakan ɗebe su in sun miƙe farat ɗaya. Ku zaɓi lokacin da maganinsa yake aiki, ku kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ku fara.

Watakila za ka ce, “In na bar shi ya yi tafiya ya faɗi ya karye fa? Wa zai ɗauki alhakin?” Tambayar gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Karayar ƙugu ga dattijo babban abu ne. Akwai ranakun da jiki zai ƙi, akwai kuma lokacin da ciwon zai yi nisa har ɗaukarsa ta zama dole. A ranar nan ka ɗauke shi da murna, kamar mutum huɗun nan na Markus sura 2 da suka kai abokinsu gaban Yesu a kan shimfiɗa. Amma ka binciki zuciyarka. Sau nawa “Baba, zauna, bari in kawo maka” yake fitowa daga tausayi, sau nawa kuma daga gaggawa? Kawo masa ruwa minti ɗaya ne. Raka shi zuwa randa minti goma ne. Wani lokaci kuma kunya ce, ba ma so maƙwabta su ga yadda ya koma. Muhammad Ali, sanannen ɗan damben nan da ya yi fama da wannan ciwo, ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996 hannunsa yana rawa a idon duniya, ba wanda ya ga ƙasƙanci a wurin.

Dubi yadda Ubangiji ya yi da almajirai biyun nan a hanyar Imuwasu. Da ya ga dama, da kalma ɗaya ya ɗauke musu baƙin cikinsu tun daga ƙofar Urushalima. Sai ya bi su a ƙafa, ya daidaita takunsa da nasu, ya saurare su, ya bar su suka kai ƙauyen da ƙafafunsu. Haka yake yi da ni da kai. Yana iya ɗauke mana kowane gwaji, amma sau da yawa yakan zaɓi ya yi tafiya tare da mu a ciki, domin bangaskiyarmu ta yi ƙarfi.

Kai kuma da ciwon yake jikinka, kada ka ce tun da an yi maka addu'a, motsa jiki rashin bangaskiya ne. Manomi yana roƙon ruwa, yana kuma wasa fartanyarsa. Taku goman da ka yi yau godiya ce ga wanda ya ba ka ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa. Mu kuma ikilisiya, mu tanada masa kujera mai hannu kusa da ƙofa, mu yi haƙuri ya iso ba tare da an zuba masa ido ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikimar sanin nauyin da za mu ɗauka da wanda za mu bar wa ɗan'uwanmu. Ka ba marasa lafiyarmu ƙarfin zuciyar yin taku na gaba, ka ba masu jinya haƙurin tafiya a gefensu. Cikin sunan Yesu. Amin.