Haƙƙin Mai Wankau: Tsakanin "Sai Gobe" Da "Sai Kaka"

   

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne halin da na tarar da wata ɗalibata ta ajin matan aure a nan Falgore, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Baiwar Allah ce mai riƙon marayu uku. Wankau da guga take yi, in kuma za a kai amarya ko za a yi suna, sai a kira ta shara da wanke ɗakuna da goge tagogi. Na ga ta ɗauke ƙafa daga makaranta kusan mako biyu, sai na tafi dubiya. Na same ta lafiya ƙalau, ga ƙullin kayan mutane jibge a tsakar gida, amma babu kuɗin sabulu, babu na gawayin guga, babu na ɗan garuwa. Da muka zauna muka lissafa, gida shida take bi bashi. Guda ɗaya ne kawai daga ciki yake cikin rashi. Sauran biyar ɗin, ba a fasa ɗora tukunya ba, ba a fasa yin anko ba.

'Yar'uwa, ki fahimci yadda irin wannan sana'a take. Jarinta juyawa yake yi, na yau shi ke sayo kayan aikin gobe. Mu ɗauka an yi jinga da ita a kan naira 3,000. Kafin ta tsoma hannu a ruwa ta riga ta kashe kamar 1,200 a kan sabulu da ruwa da gawayi, kuma masu waɗannan kaya hannu da hannu suke karɓa. To in kika amshi kayanki a goge kika ce mata "sai gobe", kin riƙe mata ladan guminta, kin kuma haɗa da kuɗin aljihunta da ta zuba a wankinki. Gida uku su yi mata haka a mako ɗaya, sana'a ta tsaya cik. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi ta hawa, kuɗin da aka riƙe wata uku ba lallai ya sayi sabulun da zai saya ranar da aka yi aikin ba. Haka abin yake ga mai ƙuli-ƙuli, da mai ɗinki, da mai kitso, da mai ƙosai.

GARE KI, KE DA AKE BI

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba laifi ba ne, Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya ci. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa ya yi wafati alhali sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Laifin yana ga mai hali da ke jan ƙafa. A hadisin Abu Huraira (R.A) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (S.A.W) ya kira jinkirin mawadaci da sunan zalunci. Ki lura, mawadaci a nan ba sai mai mota da bene ba. Duk wadda kuɗin biya ke hannunta ta ƙi bayarwa, ta shiga ciki, ko da naira 500 ce.

Ladan aiki kuwa ya fi bashin ciniki nauyi. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a sallami ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. A wani hadisin na Bukhari, Allah (S.W.T) Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Subhanallah! Wace ce a cikinmu za ta iya wannan shari'a? Ki tuna kuma an taɓa kawo gawa, Annabi (S.A.W) ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya. Muslim ma ya ruwaito cewa ana yafe wa shahidi komai, ban da bashi.

Wani abin takaici shi ne yadda muke wahalar da mai haƙƙi. Ta aiko yaro a ce kina barci. Ta zo da kanta a ce maigida bai dawo ba. Yanzu kuma an samu sabon salo, "zan turo miki ta waya". Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 wannan uzuri ne na gaskiya, kowa ya sha wuyarsa. Amma a ce yau ma kullum waya ce ta ƙi, ai wannan ƙarya ce aka ɗora a kan zalunci. Wata ma har fushi take yi don an tambaye ta, ta kwashe wankinta ta kai wani gida, tsohon bashi kuwa ko oho.

Na san mu a nan ƙasar noma muke. Gidaje da yawa kuɗi ba ya shigo musu sosai sai an cire masara ko an sare rake. Saboda haka "sai kaka" ba haramun ba ce, malamanmu na Malikiyya sun halatta a sanya lokacin girbi ya zama ajalin bashi, tun da lokaci ne da kowa ya sani. Amma tun farko ake faɗa, kafin a jiƙa kaya, don mai aiki ta zaɓa, ta yarda ko ta ƙi. A yi jinga a kan biya nan take, a gama aiki, sannan a ce mata sai kaka, wannan yaudara ce.

GARE KI, KE MAI SANA'A

Ke ma akwai gyara a wajenki, don Musulunci bai ce ki zauna jarinki ya narke ba.

Na farko, ki rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sanya masa lokaci da kafa shaidu ta sauka, har ta yi gargaɗi kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Ki sayi ɗan littafi: suna, rana, adadi, ranar biya. In boko bai samu ba ki rubuta da ajami, ko ɗanki ya rubuta miki a gaban mai karɓa.

Na biyu, ki raba uwar kuɗi da riba. Gwangwanin sabulu da gawayi daban, na cefane daban, zubin adashi kuma daga riba zai fito. Da yawa muna cinye jari ne muna zaton riba muke ci.

Na uku, in aikin babba ne, kamar na gidan biki, ki karɓi kuɗin kayan aiki tun kafin ki fara. Ki kuma yanka wa kanki iyaka: wadda ba ta biya na baya ba, ki ba ta haƙuri cikin mutunci har sai ta sauke.

Na huɗu, ki tambayi haƙƙinki, kunyar marar kunya asara ce. Wani mutum ya taɓa zuwa neman bashinsa wurin Annabi (S.A.W) har ya kausasa harshe. Sahabbai suka yunƙura, sai ya hana su, ya nuna musu mai haƙƙi yana da bakin magana, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Ke dai ki tambaya a keɓe, da lafazi mai daɗi, ban da habaici a gidan suna. In ya gagara, ki sa dattijuwar unguwa ko malama ta shiga tsakani. In kuma aka haɗa ki da wani mai hali aka ce ki karɓa a wurinsa, ki yarda, hadisi ya zo da haka.

Na biyar, kada ki ce za ki ƙara kuɗi a kan bashi don an yi jinkiri. Wannan shi ne riba da Allah Ya haramta, albarkar sana'ar gaba ɗaya zai tafi da ita.

Na shida, ki bambance mai taurin bashi da mai rashi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa a matsayin sadaka ita ce mafi alheri. Bukhari da Muslim sun ba da labarin wani attajiri da yake umartar yaransa su rangwanta wa matsattsu, sai Allah Ya rangwanta masa.

Ɗalibar tawa da wannan ta yi aiki. Gidan nan guda da ke cikin rashi ta yafe musu, ta ce ta ba marigayi mijinta ladan. Sauran biyar muka bi su ɗaya bayan ɗaya, uku sun biya, biyu har yau muna kan hanya. Alhamdu lillahi ta koma aiki, ta kuma dawo aji da littafinta a cikin jaka.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki kwanta yau ki yi wa kanki hisabi. Mai wankau, mai kitso, telar da ta ɗinka miki kayan Sallar bara, yarinyar da ke kawo miki awara: wa ke bin ki? In akwai a hannu, ki aika gobe da sassafe. In babu, ki taka da ƙafarki ki gaya mata gaskiya, ku sa rana, ki kuma sanar da maigida ko 'ya'yanki abin da ake bin ki, don babu wadda ta san ranar tafiyarta.

Allah Ya raba mu da haƙƙin mutane, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.