Ina Iyakar Hannun Hukuma? Magana Kan Taba, Lanho Da Lakkol

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta yawaita a bakin samarinmu na nan Dogo, a fada wajen shan shayi, da bakin tasha kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, har ma a ƙofar masallaci bayan isha'i. Cewa suke yi: ina ruwan gwamnati da mutum? Wanda ya sha tabarsa ƙirjinsa ya ƙona, wanda ya noma rakensa a fadamar Korama guminsa ne, wanda ya haifi ɗansa shi ya san karatun da zai ba shi. To don me za a kafa masa doka a kan taba, a karɓe masa lanho, a kuma tilasta masa lakkol? Mun ga wasu dattawa suna jin wannan magana sai su ce shirme ne na ƴan salula. Mu ba mu ga haka ba. Tambaya ce tsohuwa, manyan malamai sun yi ta fama da ita, kuma wanda ya yi ta ya cancanci a ba shi amsa, ba tsawa ba.

Wannan ra'ayi yana da malamansa a ƙasashen Turawa. Wani Bature ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta a 1859 cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi mai hankali sai domin hana shi cutar da wani. Wani kuma ɗan Amurka, Robert Nozick, ya kai matuƙa a 1974, inda ya daidaita karɓar haraji daga ladan aikin mutum da sa shi aikin tilas. Kada kowa ya yi gaggawar cewa duk wannan baƙon abu ne gare mu. Shari'a ta tsare jinin mutum da dukiyarsa da mutuncinsa, ta hana leƙen asirin gidaje, kuma an ruwaito cewa da farashi ya hau a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade shi, sai ya ƙi, don tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Inda muka rabu da su shi ne wajen asali. Su suna ganin mutum shi ne mamallakin kansa ɗungurungum, mu kuwa muna ganin jiki da dukiya da ɗiya amana ne a hannunsa, za a tambaye shi a kansu. Amma fa a lura: kasancewar Allah zai tambaye ka ba ya nufin jandarma ma yana da ikon tambayarka. Akwai abin da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, akwai abin da alƙali yake da hannu a ciki. Duk rikicin yana wajen gane wannan iyaka.

Mu fara da taba. Tun da ta shigo ƙasashen Musulmi a ƙarshen ƙarni na 16, malamai suka saɓa a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta. A Masar, cikin malaman Malikiyya kansu, Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Aliyu al-Ajhuri ya halatta. Uzurin waɗanda suka halatta a fili yake, ba su san abin da likitoci suka gano daga baya ba game da ciwon dajin huhu da ciwon zuciya. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa cewa taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wani suka shaƙa. Shi ya sa mafi yawan malaman wannan zamani suka karkata ga hani.

Ƙasarmu ta kafa dokar yaƙi da taba ranar 15 ga watan Mayu 2006, wadda ta hana sha a wuraren da jama'a ke haɗuwa, ta kuma hana tallarta. Shin wannan shiga sharo ba shanu ne? A ganinmu a'a. Wanda ya kunna sigari cikin motar haya da aka cushe mutum goma sha tara, akwai mai ciki, akwai jariri, akwai tsoho mai asma, ba ƙirjinsa kaɗai yake ƙonawa ba. Ko a ma'aunin Mill ɗin da samarinmu ke so, ya faɗi. A namu ma'aunin kuwa hujjar ta fi kusa: an umurci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, alhali halal ya ci, don kawai kada warinsa ya cuci masu salla. In an nisantar da mai halal saboda wari, ina ga mai hayaƙin da ke sa cuta?

Sai dai akwai ɗaya gefen. Mun ji wasu ƴan'uwa masu kishi suna cewa a hana ta baki ɗaya, a bi mutane har zaure, a kama tsohon da ke taunar tabarsa da kanwa. Waɗannan su tuna da Sarkin Usmaniyya Muradu na Huɗu, wanda ya hana taba a Istanbul a 1633 har yana kashe masu sha. Bai kai ga kawar da ita ba, kuma bayan rasuwarsa a 1640 daular ta koma tana karɓar haraji a kanta. Abin da mutum ya yi cikin ɗakinsa shi kaɗai, aikin mai wa'azi ne da likita da aboki na gari. Duk ranar da muka miƙa wa mai bindiga aikin da ya kamata harshenmu ya yi, to mun nuna gazawarmu ne, kuma mun buɗe masa ƙofar da gobe zai shigo ta cikinta a kan wani abin da muke so.

Maganar lanho ita ce ta fi nauyi, don a nan ne talaka yake da tsohon miki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da ire-irensa cikin ɗabi'un mulkin zalunci, wato dukiyar da ake ɗora wa mutane wadda shari'a ba ta ɗora ba. Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, da Barno take da alaƙa, amma koken ɗaya ne ko'ina. Ganuwar birni da igwa da dawakin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ba daga sama suka faɗo ba, akwai fatake da manoma da bayi da suka ɗauki nauyinsu. Da Nasara ya ci ƙasar bayan yaƙin Tirmini a 1899, sai ya zo da harajin kai, wanda ake bi mutum da shi ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ga kuma aikin tilas da ba a soke shi ba sai 1946. Kakanninmu sun ba mu labarin waɗanda suka sayar da akuyar ƙarshe, da waɗanda suka tsallaka iyaka da dare suka koma ƙasar Ingilishi don gudun lanho. Wanda ya gaji irin wannan labari, in ya ga mai rasit ya tsuke fuska, kada a ce masa jahili. A Kano ma, da Gwamna Abubakar Rimi ya hau a 1979, cikin abubuwan farko da ya yi akwai soke haraji da jangali, kuma talakawa ba su manta masa ba. Mu kanmu a watan Maris 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da ruwa da lantarki, garuruwa suka rufe kasuwanni, har da Damagaram, sai da gwamnati ta janye mafi yawansa.

To, shin wannan yana nufin duk haraji fashi ne, kamar yadda Nozick ya ɗauka? A nan ba za mu bi shi ba. Raken Korama ba ya kai kansa kasuwar Damagaram, hanya yake bi. Mai naƙuda da dare likita take nema. Zakka tana da masu cinta guda takwas da aka ambata, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a ɗauke ta a yi gada ko a biya albashi da ita ba. Saboda haka malamai irin su Imam al-Gazali da Imam ash-Shaɗibi, wanda yake Bamalike ne na Andalus, suka halatta wa shugaba ya ɗora wani abu a kan masu hali in baitulmali ya ƙare, amma da sharuɗɗa masu tsauri: buƙatar ta zama ta gaskiya, a karɓa gwargwadonta, shugaban ya zama adali, a daina in ta wuce. Kuma ga abin da ya faru a Masar kafin yaƙin Ainu Jaluta na 1260. Sarki Ƙuɗuzu ya so ya karɓi kuɗi daga jama'a don tarar rundunar Tattaru, sai Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ba zai halatta ba sai sarakunan yaƙi sun fara fito da zinariyarsu da kayan adonsu, sun daidaita da talakawa. Abokan gaba suna bakin ƙofa, amma malamin bai sassauta ba.

Wannan shi ne ma'aunin da muke ganin ya dace mu riƙe a Dogo. Mai tallar rogo da ake yanka wa tikiti ranar kasuwa tana da haƙƙin ta san inda dalarta ta tafi. In an karɓa shekara da shekaru ba a ga rumfa ba, ba a ga magudanar ruwa ba, ba a ga makewayi ba, to abin da aka karɓa ya fi kusa da abin da Shehu ya la'anta, ko da an buga masa hatimi. Amma maganinsa ba ɓuya a bayan rumbu ba ne. Maganinsa a biya, a karɓi rasit, a ajiye shi, sannan a je ma'aikatar magajin gari a ƙungiyance a nemi a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, da Hausa. Mun lura, kuma ba mu so mu ɓoye, cewa da yawa daga masu ɗaga murya a kan lanho ba su taɓa fitar da zakkar hatsinsu ba. Wanda ya hana haƙƙin da Allah Ya wajabta kai tsaye, yana da wuya a yarda cewa tsoron zalunci ne ya hana shi na hukuma.

Saura lakkol. Ƙin da iyayenmu suka yi mata yana da dalili, domin an zo da ita cikin harshen wanda ya ci su da yaƙi, ana ɗaukar yara da ƙarfi, babu Alƙur'ani a cikinta. An yi ƙoƙarin gyara: madarasa ta farko ta gwamnati an buɗe ta a Say a 1957, kuma a nan Damagaram aka fara gwajin koyarwa da Hausa a 1973. Amma gwajin ya daɗe yana gwaji, har yau mafi yawan yaranmu suna fara karatu da harshen da ba a yi da shi a gidajensu, ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Uba yana da gaskiya in ya tambayi abin da ake koya wa ɗansa, yana da gaskiya in ya zaɓi madarasa ko makarantar kuɗi ko ya haɗa allo da boko. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya kawo shawara a 1955 cewa gwamnati ta ba iyaye kuɗin karatun, su su zaɓi makarantar. A birni wannan yana iya zama abin dubawa. A ƙauyen da makaranta ɗaya ce, ajinta na zana, malaminta ɗan kwantaragi ne da albashinsa ke makara, ba mu san me za a zaɓa ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce ɗa mallakar ubansa ne kamar tunkiyarsa. Mai taba kansa ya sa a haɗari, mai lanho dukiyarsa ake taɓawa, amma a nan akwai mutum na uku wanda ba ya iya magana, wato yaron. Uban da ya hana ɗiyarsa lakkol, bai kuma kai ta islamiyya ba, sai tallar goro daga safe har magariba, ba ƴancinsa yake tsarewa ba, haƙƙinta yake ci. Haka wanda ya tura yaro ɗan shekara bakwai Kano ko Zariya da ƙoƙo, babu guzuri, babu ziyara, ya ce karatu ya tafi. Shari'a ta ba alƙali ikon tilasta wa uba ciyar da ɗansa, to ba mu ga abin da zai hana a tilasta masa ilimantar da shi ba, matuƙar an bar masa zaɓin hanya. Gobe kuma shi ne zai ƙi namiji ya duba matarsa a asibiti, alhali shi ya hana ɗiyar da za ta zama ungozoma zuwa makaranta.

Saboda haka muna roƙon limamai da kwamitocin masallatanmu, kafin buɗe makarantu na watan Oktoba, kowane masallaci ya ƙidaya yaran unguwarsa da ba su zuwa allo ba su kuma zuwa lakkol, a san iyayensu, a je musu gida cikin mutunci a ji uzurinsu. Wanda rashin kuɗin littafi da alli ya hana shi, a duba asusun masallaci.