Jinyar Goɗiya Mai Ciki: Don Wa Ake Yi?

A ƙasar Hausa ingarma ne ke shan ado. Shi ake ɗaura wa sirdi ran hawan salla, shi maroƙa ke wasawa, shi ake yi wa jalala da dan kai. Goɗiya kuwa tana can ƙauye a turke, ba mai tuna ta sai in an tashi kai ta baye. Watau darajarta a wurinmu tana cikin cikinta. Saboda haka in ka ga goɗiya mai ciki ta kamu da mugun ciwo, mai ita ya ɗauko likitan dabbobi, ana ta allura da ƙarin ruwa ana kwana a tsaye, akwai tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi, ko da ba za ta yi wa mai dabbar daɗi ba: wannan ɗawainiya don goɗiyar ake yi, ko don abin da ta ɗauko?

Kafin mu shiga muhawara, bari mu san irin halin da ake ciki, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Goɗiya tana yin wajen wata goma sha ɗaya da ciki, kimanin kwana 340. Cikin cututtukan da ke kama dawakinmu akwai wanda kaska ke kawowa. Ƙwayar cutar ta shiga jini ta riƙa farfasa jajayen ƙwayoyinsa, sai zazzaɓi ya tashi, dasashi da cikin ido su koɗe ko su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, dabbar ta ƙi ko da harawa. Ga mai ciki abin ya fi muni, don tana iya yin ɓari, kuma cutar kan ratsa ta kama ɗan tun yana ciki. Maganin da likitoci kan yi mata allurarsa, imidocarb, shi ma ba sauƙi gare shi ba: yakan sa gumi da zawo da murɗar ciki, in an yawaita shi ya taɓa hanta da ƙoda. Murɗar ciki kuwa ba wasa ba ce ga doki, domin an halicce shi ba ya iya amai, abin da ya tsaya masa ya tsaya ke nan. Bugu da ƙari, doki ba ya jure doguwar kwanciya. Nauyin jikinsa shi ke danne masa huhu da tsoka. Mutum marar lafiya akan ce masa ya kwanta ya huta, goɗiya kuwa tilas ta yi jinyarta a tsaye, da ciki a rataye.

In da saniya ce ko tunkiya, da magana ta ƙare da wuri. Da an ga ta fara juya ido sai a kira mahauci, a mai da rabin hasara. Amma mu ba ma cin naman doki, malamanmu na Malikiyya ma sun fi rinjaya ga hana shi. Saboda haka wuƙa ba ta fid da mai goɗiya kunya. Ko dai ya yi jinya, ko ya zuba mata ido, ko ya miƙa ta ga dillalan da kan loda raunanan dawaki su yi kudu da su.

Na taɓa zama 'yan kwanaki a wani gida inda ake irin wannan jinya, cikin goɗiyar ya shiga wata na tara. Abin da na lura da shi, duk wanda ya shigo dubiya ba ya tambayar ko ta ci. Cewa yake, "Ina fata dai cikin bai taɓu ba?" Shi ma maigidan in likita ya zo, tambayarsa ta fari ita ce ko ɗan yana motsi. Mutum ɗaya ne kurum na ji yana maganar ita kanta goɗiyar, shi ne yaron da ke yanko mata ciyawa. Shi ke jiƙa mata dusa da ruwa, shi ke kore mata ƙuda, shi ya san da wace ƙafa take ɗingishi. Ban ga laifin maigida ba, don ya biya kuɗin baye, ya ciyar wata tara, yana jiran duƙushi. Amma kowa ya san don tuwon gobe ake wanke tukunya. A nan cikin ya zama mata gata, domin ba don shi ba da wuya a kira likita sau biyu.

To amma wannan gatan yana da wata fuska. Cikin da ya jawo mata magani shi ne zai iya hana ta hutu. Wani zai ce, in ɗan ake so me zai hana a ciro shi a ƙyale ta? Ba ya yiwuwa yadda ake zato. Ɗan goɗiya ba ya gama nuna sai a 'yan kwanakin ƙarshe kafin haihuwa. Wanda ya zo kafin kwana 320 bakwaini ne, wanda ya zo kafin 300 kuwa da wuya ya yi rai. Ko ya zo a kan kari, ba ya gadon garkuwar jiki daga uwarsa tun a ciki kamar ɗan mutum, sai ya sha dakashi a yininsa na farko, in ba haka ba ƙaramar cuta ta ɗauke shi. Ke nan mai son ɗan dole ya riƙe uwar da rai har ranar, ko da ta halin ƙaƙa. Sau da yawa wannan ba matsala ba ne, don abin da ya gyara uwa shi ya gyara ɗa. Wahalar tana zuwa ne ran da hanyoyin suka rabu. Ga misali, goɗiyar da ciwo ya sauko mata a kofato, naman da ke riƙe ƙashi da kofaton ya kumbura har ƙashin ya fara sulluɓewa ƙasa. Tsayuwa azaba, kwanciya halaka, likita ya ce ba za ta warke ba, amma da magungunan kashe zafi ana iya jan ta wata biyu ta haihu. Halal ne a ja ta?

Masu tunani sun daɗe suna kokawa da matsayin dabba. Bafaranshen nan Descartes, a 1637, ya ɗauki dabba tamkar inji mai motsi ba hankali. Duk wanda ya taɓa ganin goɗiya tana waiwayen kwiɓinta tana tonon ƙasa da ƙafa don ciwo ba zai tsaya sauraronsa ba. A 1789 Bentham na Ingila ya kawo cewa abin dubawa shi ne ko dabba tana jin wahala, ba ko tana da wayo ko magana ba. Wannan ya fi kusa da gaskiya, amma a ganina bai kai ba. In awon wahala da daɗi kaɗai za a yi, mai lissafi zai iya cewa azabar wata biyu ba ta kai shekara ashirin da duƙushin zai yi yana shan iska ba, sai ya ci muhawara. Abin da lissafin ya manta shi ne bashi. Malamin nan Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Masar a 1262, da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita, ya sa har da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara moriyarta. Wannan magana ce ta bashi, ba ta riba ba. Goɗiya ba ita ta zaɓi turke ba, ba ita ta zaɓi ingarman ba, ba ita ta sa ranar baye ba. Mu muka ɗora mata kayan. In kuwa ana ta kai, wa yake ta kaya?

Na san za a ce ai ɗan ma rai ne. Gaskiya ne, shi ya sa muddin akwai zaton ita kanta za ta tashi, na ga wajibi ne a yi iyakar ƙoƙari, kuma cikin ya ƙara wa wajibin nauyi. Za a kuma ce, a ƙasar da mace mai naƙuda ke rasa ledar ƙarin ruwa, kashe dukiya a kan dabba ba almubazzaranci ba ne? Wannan ta fi ciwo. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya fasa yi wa goɗiyarsa magani ya ɗauki kuɗin ya kai asibitin haihuwa ba. Wanda ba shi da hali ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma inuwa da ruwan sha da shimfiɗar yashi mai taushi ba sa bukatar arziki.

Inda na tsaya shi ne nan. In an fid da rai daga goɗiya, kuma zafinta ya fi ƙarfin magani, ba daidai ba ne a mai da ita rumbu, a tsare ta da rai don kawai a kwashe abin da ke ciki. In kwanaki kaɗan suka rage kuma ana iya kwantar mata da zafin, to a jira. In wata biyu ne na tsayuwa a kan ƙashi, a hutar da ita, a haƙura da duƙushin. Masu ganin wannan ɗabi'ar Turawa ce su koma zaure: a cikin Muhtasar na Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an yanke ƙauna daga gare ta.

Saura wa zai ce an kai wannan matsayi. Maigida idonsa yana kan ɗan, kuma ba a zama alƙali a shari'ar da ake da rabo. Likita ya san jini da zazzaɓi, amma zuwa yake ya tafi, kuma maigida ke biyansa. Da ni ne, kafin a yanke shawara sai a kira yaron nan mai yankan ciyawa a tambaye shi yaushe rabon da ta ɗaga kai ta yi masa haniniya in ya shigo da safe.