Ribaɗin Zuciya: Yadda Ake Horar Da Hankali Ga Natsuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi ji da gani da zuciya, kuma zai tambaye shi a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wani ciwo da ya game manya da yara, watau rashin natsuwa. Sai ka ga mutum ya yi kabbarar harama a bayan liman, jikinsa yana cikin sahu, zuciyarsa kuwa tana kasuwar Goronyo tana cinikin albasa, ba zai farga ba sai ya ji sallama. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammaru ɗan Yasir cewa bawa yakan idar da salla ba a rubuta masa ladanta ba sai kashi ɗaya cikin goma, wani kuwa rubu'i, wani rabi. Littafin Ahalari, wanda yaranmu ke karantawa tun suna ƙanana, ya bayyana cewa wanda tunaninsa ya tafi ga al'amuran duniya sallarsa ba ta ɓaci ba, amma ladansa ya ragu. Ƙabli da ba'adi suna ɗinke ɓarakar da rafkannuwa ta yi a cikin salla. Halartar zuciya kuwa maganinta addu'a ce da horo, domin hankali kamar doki yake, wanda ba a horar ba ba ya tsayawa inda mahayi ke so.

Mutanen gabashin Sakkwato suna da misali a ƙofar gidansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu, a nan kuma kabarinsa yake. Ribaɗi shi ne zama a bakin iyaka cikin shiri da sa ido, domin kada maƙiyi ya shigo ana barci. To, Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira cika alwala a lokacin da take da wuya, da yawaita taku zuwa masallatai, da jiran salla bayan salla, da sunan ribaɗi. Ashe ke nan kowane Musulmi yana da garin da aka ba shi tsaro, shi ne zuciyarsa, ƙofofinta kuwa ido da kunne da harshe. Mai gadin da bai saba da tsayuwar dare ba, gyangyaɗi zai kwashe shi tun kafin dare ya raba.

Sabo da wannan tsaro ana fara shi ne tun yarinta, kuma sau da yawa ta hanyar wasa. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wata rana Annabi ya tambayi sahabbansa su gaya masa itaciyar da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta lissafa itatuwan daji. Ibnu Umar ya gane dabino ake nufi, amma kunya ta hana shi magana saboda shi ne ƙaraminsu. Wannan fa kacici-kacici ne, kuma malamai sun kafa hujja da shi a kan halaccin malami ya jefa wa almajirai tambaya domin ya gwada fahimtarsu. Haka nan Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya wuce waɗansu mutane na ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, ya ƙarfafa musu gwiwa, kuma ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Maharbi ba ya samun bara sai idonsa da hannunsa da numfashinsa sun taru a wuri ɗaya. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da suka yi nasara a Tabkin Kwatto cikin 1804 yawancinsu dakaru ne masu baka da kibiya, dawakinsu kaɗan ne.

Idan muka duba wasannin da muka gada, za mu ga irin wannan hikima. Yarinya mai 'yar carafke tana jefa dutse sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe na saman kafin ya faɗi; da ta waiwaya sau ɗaya ta faɗi wasa. Mai langa yana riƙe da ƙafa ɗaya, yana lura da abokin karawarsa, yana kuma lura da tsayuwarsa. Karya-harshe yana tilasta wa yaro ya kula da kowane harafi, kuma wanda ya saba da shi yakan fi samun sauƙin rarrabe mafitar haruffa a karatun tajwidi. Tatsuniya da kacici-kacici a tsakar gida bayan lisha suna koya wa yaro sauraron magana daga farkonta har ƙarshenta. Marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda aka naɗa Sarkin Rabah cikin 1934, an san shi da son wasan nan na buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ya koya a Kwalejin Katsina, wasan da ƙiftawar ido ɗaya kan sa a ci mutum.

Sai dai a lura, shari'a ta yi wa wasa iyaka. Duk wasan da aka zuba kuɗi ko wani abu a kansa caca ce, caca kuwa haramun ce da nassin Alƙur'ani. Muslim ya ruwaito hani mai tsanani a kan wasan narda, watau wasan jefa 'ya'yan sa'a, kuma Imamu Malik ya ƙyamaci shaɗaranji. Saboda haka magidancin da zai wuni a gindin bishiya yana dara, a kira azahar a kira la'asar bai motsa ba, kada ya ce hankali yake horarwa. Wasan da ke jawo zagi, ko rantsuwar ƙarya, ko jinkirta salla, ya fita daga abin da muke magana a kai.

Babban filin horon hankali a ƙasarmu shi ne makarantar allo. Yaro yana fara babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi. Ba a ba shi sai abin da allonsa zai ɗauka, ba ya kuwa wankewa sai ya biya wa malam daidai. Yana karatu da ƙarfi a tsakiyar yara masu yawa, kowa da nasa darasi, amma ba ya ɓata nasa. Da irin wannan horo ne alaramma ke zama ya rubuta izu sittin da ka, da wasali da ɗigo. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, watau Jami'ar Usmanu Danfodiyo a yau, ta fara shiryawa cikin 1986, ta nuna cewa yaranmu suna iyawa: a ɗauko wa yaro aya daga ko'ina, ya ci gaba a gaban taro ba tare da ya rikice da mai kama da ita ba.

Abin da ke warware wannan saƙa a yau shi ne wayar hannu. Hotuna masu motsi gajeru-gajeru suna bin juna, kafin ɗaya ya zauna a zuciya wani ya ture shi, har yaro ya saba da tsalle daga abu zuwa abu, shafi ɗaya na littafi ya zame masa dutse. Manoman Wurno da Goronyo sun san cewa ruwan Gulbin Rima idan an tare shi an bi da shi ta lambatu sai ya raya shinkafa da albasa da tafarnuwa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 kuwa ya san abin da ruwan nan yake yi idan ya fantsama. Haka tunanin ɗan Adam yake.

Don haka ga shawara ga iyaye. A keɓe lokaci kullum, ko da tsakanin magariba da lisha ne, a ajiye wayoyi duka, har da ta mai gida. Uba ya karanta aya, yaro ya kawo wadda ke biye. A karanta wa yara gajeriyar ƙissa, sa'an nan a ce su maimaita ta bi da bi. A sa su jero surori daga Nasi zuwa Amma, su kuma komo da baya. A bar su su yi wasanninsu na dandali cikin kulawa, domin su ma makaranta ce.

Manya kuma ga nasu. Ka isa masallaci kafin iƙama, ka zauna shiru. Kada ka shiga salla abinci yana gabanka kana marmari, ko kana matse da fitsari, domin Muslim ya ruwaito hani a kan haka daga Nana A'isha. Ka koyi ma'anar Fatiha da surorin da kake karantawa, ka riƙa sauya su domin kada harshe ya yi ta gudu shi kaɗai. Ka kawar da abin da ke ɗauke maka ido: Annabi da kansa ya mayar wa Abu Jahm wata riga mai zane-zane saboda ta ɗauke masa hankali a salla. A cikin Muwaɗɗa an kawo labarin Abu Ɗalha, wanda wani tsuntsu ya shagaltar da shi yana salla a lambunsa har ya manta raka'a nawa ya yi, sai ya ba da lambun sadaka. Ba a ce ka ba da gonarka ba, ɗan'uwa, amma kashe waya a ƙofar masallaci bai fi ƙarfinka ba. Idan tunani ya kufce, ka komo da shi ba tare da fid da rai ba, ko sau nawa ne, domin komowar nan ita ce horon. Ka fara da raka'a biyu na nafila, ka ƙudurta cewa za ka san abin da kake faɗa a cikinsu, sannu a hankali sauran za su biyo.

Allah Ya ba mu zukata masu tsoronSa, Ya shirya mana zuriya, Ya karɓi sallolinmu da cikakken lada, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.